Ko Ka San Jakar Barci Ba Ta Ɗumama Kowa?

Ko ka san jakar barcin da mafarautan ƙasashen sanyi ke zuba ɗaruruwan daloli su saya ba ta da ɗumi ko na ƙwayar zarra a cikinta? Ka sa dutse mai sanyi a ciki da magariba, ka zuge zif, da asuba za ka tarar da shi da sanyinsa. Duk ɗumin da mai barci ke ji daga jikinsa yake fitowa. Baligin da ke barci yana fitar da zafin da bai wuce wat 70 zuwa 80 ba, kuma aikin jakar kawai shi ne ta hana wannan ɗan zafin tserewa kafin gari ya waye.

Waɗanda wannan magana ta fi shafa su ne masu farautar elk a tsaunukan Roki na yammacin Amurka, a jihohi irin su Kolorado da Montana da Idaho da Wayomin. Elk babbar dabba ce dangin barewa, namijinta kan haura kilo 300. Ana farautarta da baka a watan Satumba, da bindiga kuma a Oktoba da Nuwamba, lokacin da dusar ƙanƙara ta fara sauka. Wata doka da aka kafa a 1964 ta hana shiga wasu dazuzzuka da mota ko babur, kai har da keke, irin su dajin Bob Marshall da ke Montana. Wanda ba shi da doki, sai ya goya tantinsa da abincin mako guda da bindigarsa ya hau tsauni da ƙafa. Galibi duk mita 1,000 da ya hau, zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi, ga shi wasu wuraren farautar sun kai tsayin mita 3,000. Idan kuma ya yi sa'a ya kayar da dabba, doka ta wajabta masa fito da naman, wanda ko an cire ƙashi kan tasam ma kilo 100. Mutumin da ke cikin wannan hali, kowane giram na kayansa sai ya yi masa lissafi, amma kuma bai isa ya rage abin da zai kwana a ciki ba.

To me ke riƙe zafin? Iska. Iskar da aka tsare wuri guda ba ta motsi tana cikin abubuwan da zafi ya fi wahalar ratsawa. Ruwa ya fi ta saurin jan zafi wajen sau 25. Saboda haka duk fasahar jakar barci ta taru ne a kan abu ɗaya: a sami abu marar nauyi da zai kama iska mai yawa ya hana ta yawo. Har yau kuwa masana'antu ba su ƙera abin da ya fi lallausan gashin ƙirjin agwagwa da dinya iya wannan aiki ba, in ana maganar nauyi da nauyi.

Ba gashin fiffike ake nufi ba, mai tsinke a tsakiya. Wannan na ƙasa ne, wanda ke manne da fatar tsuntsun. Ka ɗora guda ɗaya a tafin hannu, ba za ka ji ka ɗauki komai ba. Ɗigo ne ƙarami a tsakiya, zaruruwa masu laushi sun bazu daga gare shi ta kowace fuska, kowane zare kuma da nasa 'yan rassa. In aka tara dubbansu wuri guda sai su sarƙe da juna su kumbura, su bar miliyoyin 'yan ramukan iska a tsakaninsu. Ka danne su a dunƙulen hannu, ka saki, su sake tashi. Lambar nan da ake rubutawa a jikin jaka, 600 ko 800 ko 900, ita ce ma'aunin wannan kumburi: yawan incin kubik da oza ɗaya na gashin, wato kusan giram 28, ke cikewa. Masu saye da yawa kan ɗauka 900 ta fi 600 ɗumi kai tsaye. Ba haka ba ne. Lambar inganci take nunawa, ba yawa ba. Jaka mai gashin 650 da aka cusa mata shi da yawa tana iya fin mai 900 da aka yi wa rowa ɗumi, sai dai za ta fi ta nauyi da cin wuri a cikin kaya.

Mafi yawan gashin da ke kasuwa daga China yake fitowa, daga tsuntsayen da aka yanka don nama. Amma mafi daraja a duniya ba a yanka kowa kafin a same shi. Agwagwar teku da ake kira eider ita da kanta take fige ƙirjinta ta shimfiɗa wa ƙwanta, manoman Iceland kuma su bi sheƙa-sheƙa suna tsinta. Sai an bi sheƙa kusan 60 kafin a haɗa kilo ɗaya, shi ya sa ya fi ƙarewa a bargunan attajirai, ba a jakar mafarauci ba.

Gashin nan yana da abokin gaba guda, shi ne laima. Da ya jiƙe sai ya dunƙule, iskar ta fice, ɗumi ya bi ta. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba kuwa, ba ruwan sama ne kaɗai ke jiƙa jaka ba. Jikin mutum yana fitar da tururi duk dare ko bai yi gumi ba, kuma a tsananin sanyi tururin kan daskare a cikin jakar kafin ya fita. A 1911, mutum uku daga tawagar Kyaftin Scott, wato Edward Wilson da Henry Bowers da Apsley Cherry-Garrard, sun yi tafiyar mako biyar a duhun hunturun Antatika don ɗauko ƙwan tsuntsun fengwin. Sanyi ya kai digiri 60 ƙasa da sifiri. Jakar Cherry-Garrard ta fatar barewar yankin ƙanƙara ta tashi da nauyin kilo 8, ta dawo tana kilo 20. Ƙarin duk ƙanƙara ce, daga numfashinsa da tururin jikinsa. Kowane dare sai sun yi ta fama suna narkar da bakin jakar da jikinsu kafin su samu su kutsa ciki. Mafaraucin Montana ba zai gamu da wannan azaba ba, amma a dare na biyar zai ji jakarsa ba kamar daren farko ba, muddin bai riƙa shanya ta ba duk sa'ad da rana ta leƙo.

Wannan ne ya sa ake da jakunkuna masu cikon zaren roba, irin su PrimaLoft da aka ƙirƙiro wa sojojin Amurka a shekarun 1980. Sun fi nauyi, sun fi cin wuri, kuma sun fi saurin kwantawa idan sun tsufa, amma ko sun sha laima suna riƙe wani abu na ɗumi, ga saurin bushewa da araha. Mai farauta a gaɓar Alaska inda ruwa ba ya ɗaukewa yana da hujjar zaɓarsu. A busasshen sanyin Kolorado kuwa, gashin tsuntsu ya fi.

Sai batun lambar sanyi da ke jikin jakar, inda 'yan kasuwa suka daɗe suna cin karensu babu babbaka. Da, kowane kamfani rubuta abin da ya ga dama yake yi. A 2002 Turai ta fito da ma'auni na bai-ɗaya, EN 13537, wanda ISO 23537 ya gaje shi a 2016. Ana sa wa wani mutum-mutumi mai na'urorin ɗumi doguwar rigar ciki da wando da safa, a zura shi cikin jakar a ɗakin sanyi, a auna wutar da yake ci kafin ya riƙe zafinsa. Daga nan ake fitar da lambobi uku. Ta farko, sanyin da mace mai kilo 60 za ta yi barci a sake ba tare da ta takura ba. Ta biyu, wanda namiji mai kilo 73 zai iya barci a cikinsa a dunƙule. Ta uku kuwa ba ta barci ba ce sam: iyakar da mace za ta yi awa shida tana karkarwa ba ta mutu ba, ko da yatsunta na iya lalacewa. Wanda ya sayi jaka da dogaro da lamba ta uku ya yaudari kansa. Ko ta biyun ma, ba a auna ta da mutumin da ya wuni yana hawan dutse da kaya a baya, ga gajiya ga yunwa ba. A ganina lamba ta farko ce ta mafarauci, namiji ne ko mace. A kuma kula, Amurkawa da Faranhait suke awo: jakar da aka rubuta wa 20 tana nufin kusan digiri 7 ƙasa da sifiri a Salsiyos, mai 0 kuma digiri 18 ƙasa da sifiri.

Amma akwai wani abu game da gwajin nan da masu saye ƙalilan ne suka sani. Mutum-mutumin ba a ƙasa yake kwance ba. A kan shimfiɗa mai kauri ake ɗora shi, mai ƙarfin tare sanyi kusan 4.8 a ma'aunin da ake kira R. Ma'ana, duk alkawarin da ke rubuce a jikin jakar da sharaɗi yake: sai in kana da shimfiɗa irin wannan a ƙarƙashinka.

Dalili a fili yake. Gashin da ke samanka ya kumbura yana aiki. Wanda ke ƙarƙashin bayanka da ƙugunka kuwa nauyinka ya latse shi ya zama kamar takarda, babu iska a ciki, don haka babu abin da yake tarewa. Ƙasa mai sanyi kuma ba ta ƙoshi, jan zafin take yi har safe ba ta ɗumama ba. Duk wanda ya taɓa kwana a kan siminti da hunturu ya san ko bargo nawa ya lulluɓa, ta ƙasa sanyin ke shigarsa. Mutum ya kashe dukiya a jaka, ya yi tsumulmula a shimfiɗa, ya kwana yana juyi, da safe ya ɗora wa jakar laifi.

Shimfiɗar iri biyu ce a yau. Akwai ta soso mai tauri da ake naɗewa, wadda ƙaya ba ta yi mata komai amma ƙarfinta galibi kusan R 2 ne kawai. Akwai kuma wadda ake hura wa iska. Asalin irin wadda ke zuƙar iska da kanta a cikinsu ya koma ga wasu injiniyoyin kamfanin jiragen sama na Boeing a birnin Siyatil, Jim Lea da Neil Anderson da John Burroughs. An ce Lea ne ya lura da yadda iska ke fita daga soson da masu lambu ke durƙusawa a kai, ta koma in an ɗaga gwiwa. Suka rufe soso a cikin yadin da iska ba ta ratsawa, suka sa masa bawul, suka kafa kamfani a 1972, aka sami Therm-a-Rest. Sai dai ba kowace katifar iska ce ke da ɗumi ba. In cikinta fayau yake, iskar tana zagayawa, tana ɗaukar zafi daga bayanka ta kai wa ƙasa. Masu kyau an yanyanka cikinsu ƙananan ɗakuna, an kuma sa siraran ledoji masu ƙyalli da ke mayar wa jiki zafinsa. Akwai wadda ta haura R 7 alhali nauyinta bai kai rabin kilo ba. Tun daga 2020 manyan kamfanoni suka koma auna R da ma'auni ɗaya, ASTM F3340, don haka yanzu ana iya gwada ta wannan da ta wancan.

Daɗin abin shi ne lambobin R haɗuwa suke yi. Ka ɗora katifar iska mai 4 a kan soso mai 2, ka sami 6. Gogaggun mafarauta haka suke yi, ba don ɗumi kaɗai ba. Katifar iska huda ɗaya ce ajalinta, kuma ba da rana take hujewa ba, sai tsakar dare ka farka ka ji ƙugunka a kan daskararriyar ƙasa, mota kuwa tana nisan wuni guda. Soson shi ne ke ceton wannan dare. Da rana kuma a kansa ake zama awa da awanni ana leƙen gangaren dutse da tabarau mai hangen nesa.

Sauran duk dabarun amfani ne. Jaka mai tsukakken gindi da hula ta fi mai kusurwa huɗu, don iskar da jiki zai ɗumama ba ta da yawa, amma in ta matse har kafaɗa tana danne gashin, nan ma sanyi zai shigo. A ci abinci mai maiƙo kafin kwanciya, tunda abinci ne makamashin. A cire safar da aka wuni da ita a sa busasshiya. Kada a cusa hanci cikin jaka, numfashi ruwa ne. Gorar ruwan zafi mai murfi gam a tsakanin cinyoyi tana yin abin mamaki. Kuma kada sanyi ya sa a kunna risho ko a shigo da garwashi cikin rufaffen tanti, domin iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kuma kashe mutum yana barci. A gida, ba a ajiye jaka a matse cikin ɗan buhunta. A rataye ta ko a sa ta a babban buhu ta sake, in ba haka ba kumburinta zai mutu.

Don haka mai shirin kwana inda ƙasa ke daskarewa, in kuɗinsa ba su isa ya sayi mafi tsada a duka biyun ba, ya fara da shimfiɗar da ta kai R 5 ko fiye, ya haɗa da soso a ƙarƙashi, sannan ya nemi jakar da lambarta ta farko ta yi daidai da dare mafi sanyi da yake tsammani.