Karatun Da Ke Bin Sawun Cuta Daga Iyaka Zuwa Iyaka

Masu sana'ar kaji ba za su manta da watan Fabrairun 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a Magariya. An hallaka kaji, an hana ƙetare iyaka da su, jarin mutane da dama ya karye. Tambayar da kowa ke yi a lokacin ita ce: ta ina cutar ta shigo?

Amsar ta fito ne daga wani fannin ilimi da yawancinmu ba mu san da shi ba. A cikin shekarar, masana daga Jami'ar Ibadan da ƙasar Luksambur suka karanta ƙwayoyin gadon cutar, suka gano iri uku ne, kowanne da hanyar da ya shigo Najeriya.

Yadda abin yake, kowace halitta tana ɗauke da wani rubutu na haruffa huɗu kacal a cikin ƙwayoyinta. Na ɗan Adam ya kai haruffa biliyan 3, na ƙwayar korona kuwa kusan 30,000. Duk sanda ƙwaya ta hayayyafa, akan samu kuskuren harafi nan da can, 'ya'yanta kuma su gaje shi. Idan aka jera rubutun ƙwayoyi daga garuruwa daban-daban, yawan bambancin kan nuna kusancin danginsu da lokacin da suka rabu, kamar yadda maroƙi ke jero salsalar gida. Da yake haruffan sun fi ƙarfin idon mutum, kwamfuta ce ke aikin. Wannan haɗin na ilimin halittu da lissafi da kwamfuta shi ake kira bayo'infomatik.

Da shi aka gano cewa ƙwayar shan inna da ta bayyana a Borno a 2016 ta yi shekaru tana yawo a ɓoye. Da shi kuma cibiyar Farfesa Christian Happi, ɗan asalin Kamaru, da ke Jami'ar Redeemer's a Ede, ta fara karanta ƙwayar korona a Afirka a watan Maris na 2020.

Galibi ana karanta fannin ne a matakin digiri na biyu, bayan digirin farko a ilimin halittu, likitanci, lissafi ko kwamfuta. Ana koyar da shi a jami'ar kimiyya ta Bamako, haka ma cibiyar WACCBIP ta Jami'ar Ghana na horar da masu bincike. Ɗalibi na bukatar ƙarfi a lissafi da Turanci, ko da Faransanci ya yi karatunsa.

Mu da abincinmu ke kan iyaka mun fi kowa jin jiki idan aka rufe ta saboda annoba. Don haka idan yaro ko yarinya ya nuna basira a lissafi da kimiyya, kada mu yi gaggawar zaunar da shi a rumfa. Allah Ya albarkaci zuri'armu.