Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Amfanin Tsohuwar Kwamfuta a Ƙauye

'Yan'uwa, a ofisoshi da yawa cikin birni akwai ɗakin ajiya inda aka jibge tsofaffin kwamfutoci irin na kan tebur, ƙura ta rufe su. A ƙauyukanmu kuwa akwai yara masu ƙoƙari waɗanda ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Ga shi tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta gaba ɗaya. Uba ya sayar da hatsi ya biya kuɗin rajista, yaro ya yi karatu, amma ranar jarrabawa lokaci ya ƙare yana neman inda zai danna. Tsohuwar kwamfuta ɗaya tana iya tare wannan asara.

Me ya sa ake ajiye su?

Yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Windows 11 kuma ba ta karɓar injuna da yawa na dā. Saboda haka ofisoshi suka sayi sababbi. Ƙungiyar ƙauye tana iya rubuta takarda ta roƙi tsofaffin, ko ta saya da araha.

Yadda za a tashe ta

Ku nemi mai gyara, ya yi abubuwa huɗu. Na ɗaya, ya buɗe akwatin ya hure ƙura, musamman wajen fanka, domin ƙura ce take sa inji ya yi zafi ya mutu. Na biyu, idan agogonta yana ɓacewa, ya canja ɗan batirin ciki mai kama da kwabo, lambarsa CR2032. Na uku, ya goge dukan bayanan mai ita na dā. Na huɗu, ya sa mata Linux, wato manhaja ta kyauta mai yin aikin Windows. Linux Mint da Lubuntu suna tafiya daidai a injin da ƙwaƙwalwarsa ta kai gigabait 4. Idan da hali, a sa mata sabon ma'aji irin wanda ake kira SSD. Za ku ga ta yi sauri kamar an canja ta.

Ayyukan da za ta yi

Babban aikinta shi ne koya wa yara. Akwai wasa na kyauta mai suna Tux Typing wanda yake koyar da buga haruffa. Yaron da yake zama rabin awa sau biyu a mako, kafin jarrabawa ta zo hannunsa ya saba, tsoro kuma ya fita.

Aiki na biyu, ta zama ɗakin karatu. Da manhajar Kiwix ana ɗauko Wikipedia, ta Turanci da ta Hausa, a zuba cikin kwamfuta sau ɗaya a birni. Bayan haka ana karantawa ba intanet, ba sayen data. Kolibri kuma tana ɗauke da darussan makaranta ta wannan hanya.

Aiki na uku, lissafin ƙungiya. LibreOffice kyauta ce. A ciki magatakarda zai rubuta kuɗin adashi, da buhunan takin da aka raba, da bashin kowa. Amma kada a yar da littafi. A riƙa kwafe lissafin a filas kowane wata.

Maganar wuta

Kwamfutar tebur ba ta da batirin riƙe wuta. Da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, aikin da ba a adana ba ya tafi. Ita da allonta marar kauri suna cin wajen wat 100, wato awa 4 zai ci wat-awa 400. Ku faɗa wa mai haɗa sola wannan lissafi kafin ya zaɓi faranti da batir da inbata. Tsohon allo mai ƙaton ƙeya ya fi cin wuta, gara a nemi marar kauri. A lulluɓe injin da zane in an kashe, musamman lokacin hunturu.

Idan ta mutu sarai

A cire abin da zai yi amfani a wata. Kada a ƙona waya don neman tagulla, hayaƙin guba ne ga huhu. Gilashin allo mai ƙeya yana da dalma, wadda take lalata ƙwaƙwalwar yara. Kada a fasa shi, kada a zubar kusa da rijiya ko gona.

A taronku na gaba, ku zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana ya kula da ita, ku sami ɗaki mai ƙofa da makulli, ku tsara ranakun yara. Ku tabbata 'yan mata sun sami nasu lokaci daidai da maza.