Yadda taswirar kwamfuta ke bin sawun motocin agaji, da abin da Jos ke buƙata

A ranar 12 ga Yulin 2024, ginin makarantar Saints Academy da ke unguwar Busa Buji a Jos ya rufta kan ɗalibai, mutum 22 suka rasu, aka kwashi wasu da dama zuwa asibitoci. A irin wannan sa'a, tambayar da ke gaban jami'in da ke karɓar kiran gaggawa ita ce: wace mota ce za ta riga isa wurin, kuma ta wace hanya?

Amsar tana cikin abin da masana ke kira rumbun bayanan taswira. Ma'ajiya ce a kwamfuta mai ɗauke da tituna, gadoji, unguwanni da asibitoci, kowanne da lambobin da ke nuna mazauninsa a doron ƙasa. Waɗannan duk a kafe suke. Motar ɗaukar marasa lafiya da ta 'yan kwana-kwana kuwa kullum a tafe suke, shi ya sa ake maƙala musu na'urar GPS. Na'urar kan karɓi saƙo daga taurarin ɗan'adam aƙalla huɗu da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama, ta lissafa inda take, ta tura wa rumbun ta layin wayar salula duk bayan 'yan daƙiƙu. Rumbun kan ajiye wurin tare da lokacinsa, daga nan a gane gudun motar, inda ta dosa, da sa'ar da za ta isa. Idan layi ya yanke a tsakanin duwatsu, kamar yadda kan iya faruwa a hanya irin ta Hawan Kibo, sai kwamfuta ta yi kirdadon inda motar ta kai bisa gudunta na ƙarshe.

Sai dai ɗigon da ke motsi a allo ba ya tsinana komai idan taswirar da ke ƙarƙashinsa ba ta san garin ba. Jos gari ne na duwatsu, da tsofaffin ramukan haƙar kuza, ga kogin Dilimi ya ratsa shi. Motar da ta fi kusa a ido tana iya zama tsallaken ruwa, ko ta maƙale a cunkoson Terminus, ta nesa ta riga ta. A Yulin 2012, lokacin da ambaliya ta auka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, hanyar da ake bi da yamma ta zama kogi cikin dare. Taswirar da ba a sabunta ta a irin wannan dare, ɓatar da direba za ta yi.

An taɓa gwada dabarar a Arewa. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, an riƙa ba ma'aikatan rigakafi a Kano da wasu jihohi wayoyi masu GPS, a ɗora sawunsu kan taswirar ƙauyuka da rugage, a ga inda aka tsallake, a koma. A Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Najeriya da Afirka baki ɗaya.

Jos ba ta rasa tubalin farawa ba. A nan Cibiyar Nazarin Hotunan Tauraron Ɗan'adam ta Ƙasa take, ƙarƙashin hukumar NASRDA, ga ofishin shiyya na hukumar agajin gaggawa ta NEMA, ga lambar 112 ta kiran gaggawa da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra.

Aikin da ya fi wuya na ƙafa ne. Mai kira cikin ruɗu ba ya faɗin lambar gida. Cewa yake yi "bayan masallacin Juma'a" ko "kusa da tashar Bauchi". Dole a bi lungu-lungu a shigar da waɗannan sunaye cikin rumbun yadda mutane ke kiran su, a rubuta lungun da mota ke iya shiga da wanda sai Keke Napep, sannan a samu wanda zai riƙa gyarawa kowace damina.