Tunawa da Yakuba Sawadogo, Dattijo Mai Sana'a Da Yawa

Yau za mu tuna da wani dattijon ƙauye ne, Yakuba Sawadogo, mutumin Gurga kusa da garin Wahiguya a yankin Yatenga, arewacin Burkina Faso. An haife shi a 1946, Allah ya yi masa rasuwa a watan Disamba na 2023, yana da shekara 77. Allah ya jiƙansa.

Yana yaro aka kai shi karatun allo ƙasar Mali. Da ya dawo sai ya kama kasuwanci a kasuwar Wahiguya. To, kin san farin nan na shekarun 1970 da 1980 da tsofaffinmu ke ba da labari, wanda ya ƙarar da dabbobi, ya kori mutane daga gidajensu. Lokacin da jama'a ke gudu birni, shi kuwa sai ya bar kasuwa ya koma ƙauye noma. Har mahaukaci aka kira shi.

Gonar da ya tarar faƙo ce, in an yi ruwa sai ya gudu. Sai ya farfaɗo da wata tsohuwar dabara ta kakanninsa mai suna zai, wato haƙa ƙananan ramuka a gona. Amma ya yi mata gyara. Tun da rani yake haƙa ramukan, ya faɗaɗa su, ya zuba takin dabbobi da shara a ciki. Takin nan shi ke jawo gara. Ke da kike ganin gara abokiyar gaba ce a ɗaki, a gona ma'aikaciya ce: tana huda ƙasa, ruwa ya bi hanyoyinta ya nutse. Ya kuma jera duwatsu a tsallake gangare don su rage wa ruwa gudu. In damina ta faɗi sai ya shuka gero ko dawa a ramin.

Daga nan wata sana'ar ta fito. A cikin kashin dabbobi akwai 'ya'yan itatuwa da suka ci, sai suka tsiro tare da hatsi. Bai cire su ba, ya rene su. A hankali faƙon ya zama daji na kimanin hekta 40, mai itatuwa iri fiye da 60, ciki har da na magani. Manomi ya zama mai renon itace, kuma masanin sassaƙe da saiwa.

Kasuwancin ma bai tafi a banza ba. Daga 1984 ya riƙa shirya taron manoma sau biyu a shekara, kamar cin kasuwa. Bayan kaka a kawo masa iri ya adana, gabanin damina a dawo a raba, a kuma koyi haƙa rami. A 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar suka je Yatenga suka gani, suka kawo dabarar gida, inda ake kiranta tassa. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a Siwidin, a 2020 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi.

Kin ga ke nan kowace sana'a tasa ta tallafi 'yar uwarta. To, ke fa da kike cikin gida? Kayan aikin nan a hannunki suke. Kashin awakinki da na kaji, tokar murhu, ƙaiƙayin sussuka da sharar tsakar gida, kada ki bari a watsar ko a ƙone. Ki tara su wuri guda, ban da leda, su ruɓe, maigida ko yara su kai gona. A kusurwar gida ki sa a haƙa rami kamar zurfin taki ɗaya na hannu, ki zuba ruɓaɓɓen takin, ki shuka zogale ko kuɓewa, ki riƙa ba shi ruwan wankin hatsi. Irin da ya yi kyau bana kuma ki ware shi, kada ya shiga tukunya.

Sannan in akwai tsoho a gidanku wanda ya yi noma, ya yi saƙa ko fatauci, ki tura yara su zauna kusa da shi su yi tambaya tun yana raye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.