Allurar Bitamin: A Ƙarƙashin Fata Ko a Cikin Tsoka?

A garuruwa irin su Fulatan, cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Rogo da Ƙaraye, mutane da dama ba sa jin an yi musu magani in ba a yi musu allura ba. Manomi ya dawo daga gonar rake ko ta masara jikinsa ya mutu, sai ya zarce shagon mai sayar da magani ya ce a yi masa "allurar ƙarin jini". Wannan allura, yawancin lokaci, bitamin ce ta dangin B, kuma jar cikinta ita ce B12. Launin nata ne ma ya ƙara mata farin jini, domin mai kallo gani yake yi kamar jini ake ɗura masa. Alhali kuwa jan ya samo asali ne daga wani ƙarfe mai suna kobalt, wanda ke zaune a tsakiyar ƙwayar bitamin ɗin.

Ɗalibi mai lura zai ga cewa ba wuri ɗaya ake soka kowace allura ba. Mai ciwon suga yakan tsinkuli fatar cikinsa ya soka gajeriyar allurar insulin, amma wasu magungunan sai an nutsa doguwar allura cikin cinya ko ɗuwawu. To, ga wanda bitamin B12 ta yi ƙaranci a jikinsa, wace hanya ce ta fi? Kafin a amsa, sai mun fara sanin ita kanta bitamin ɗin.

Bitamin da tsiro ba ya yi

Babu wata shuka ko dabba da ke iya haɗa B12 da kanta. Ƙananan halittu irin su bakteriya su kaɗai Allah ya hore wa wannan aiki. Saniya da tunkiya da akuya suna da irin waɗannan bakteriya jingim a tumbinsu, su ke ɗaukar kobalt daga ciyawar da dabbar ta ci su mayar da shi bitamin, daga nan ta ratsa cikin nama da hanta da nono. Saboda haka dawa da gero da masara da wake, duk da amfaninsu, ba su da ita. Ana samunta a hanta, da nama, da ƙwai, da kifi irin wanda masunta ke kamawa a madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a Ƙaraye a 1992, da kuma nono da kindirmo. Abin da baligi ke buƙata a yini bai wuce maikirogiram 2.4 ba (maikirogiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), kuma kofin madara guda yana ba da kusan rabin wannan. Ashe ƙwaryar fura da nono da 'yar Fulani ke sayarwa a kasuwa ba ƙaramar kariya ba ce.

Aikinta a jiki iri biyu ne. Ɓargo yana buƙatarta wajen ƙera jajayen ƙwayoyin jini; idan babu ita sai ƙwayoyin su fito manya-manya, marasa ƙarko, kuma 'yan kaɗan. Sannan ita ke taimakawa wajen kiyaye rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin saƙo, kamar yadda roba ke lulluɓe da wayar lantarki. Idan rigar ta soma lalacewa sai mutum ya riƙa jin tafin ƙafarsa da yatsunsa suna dindiris ko suna tsikari, tafiya ta gagara daidaita, musamman cikin duhu, a wasu lokuta har mantuwa ta shigo. Hanta tana ajiye abin da zai ishi mutum shekara 3 zuwa 5, shi ya sa cutar take zuwa a hankali, ba a farga da wuri.

Ƙarancin yana zuwa ta fuska biyu, kuma bambanta su shi ne rabin magani. Akwai wanda bai samu ba a abinci, kamar gidan da nama sai da Sallah, ko jaririn da ke shan nonon uwar da ita ma ba ta da isasshiya. Akwai kuma wanda yake ci amma jikinsa ba ya iya tsotsa. Tumbin ɗan Adam yana fitar da wani sinadari wanda za mu iya kira ɗan rakiya. Shi ke riƙe bitamin ɗin ya kai ta ƙarshen ƙaramin hanji, inda ake shigar da ita jini. A wasu mutane garkuwar jiki takan juya ta lalata ƙwayoyin da ke yin ɗan rakiyar. Haka nan wanda aka yanke masa tumbi ko ƙarshen hanji, da tsofaffi, da wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin, duk suna cikin haɗari.

Kafin 1926 rashin ɗan rakiya hukuncin kisa ne, har likitocin Turai suka raɗa wa cutar suna mai ma'anar mugun ƙarancin jini. A wannan shekarar ce George Minot da William Murphy, a birnin Boston na Amurka, suka ciyar da majinyata 45 hanta mai yawa kullum, suka ga jininsu ya farfaɗo. Su biyun da George Whipple suka sami kyautar Nobel a 1934. William Castle ya gano batun ɗan rakiya a 1929, aka tace bitamin ɗin ita kaɗai a 1948, sannan Dorothy Hodgkin ta Jami'ar Oxford ta fayyace siffarta a 1956. Tun daga lokacin allura ta maye gurbin farantin hanta, don ita ba ruwanta da tumbi.

Abin da ke ƙarƙashin fata

Idan allura ta huda fata, abin da take fara tararwa shi ne shimfiɗar kitse, a ƙasansa kuma tsoka. Tsoka kamar fadama take, jijiyoyin jini sun ratsa ta ko'ina, duk abin da aka zuba mata nan da nan ake kwashe shi. Kitse kuwa tudu ne, hanyoyin jininsa kaɗan ne, magani yakan zauna ya riƙa tsiyaya sannu sannu. Don haka allurar tsoka doguwa ce, milimita 25 zuwa 38 ga baligi, a tsaye ake soka ta, kuma babbar tsoka tana ɗaukar mililita da dama. Ta ƙarƙashin fata gajeriya ce siririya, wajen milimita 16 ko ƙasa da haka, a kan tsinkuli fata a soka ta a karkace, kuma ba a so ruwan ya wuce mililita 1 ko 2.

Ga insulin wannan bambanci babba ne, domin idan ta shiga jini da gaggawa suga zai iya faɗuwa mutum ya suma. Ga B12 lissafin daban yake. An auna cewa bayan allurar tsoka, bitamin ɗin takan kai ƙololuwa a jini cikin kamar awa ɗaya. Amma me gaggawar ta saya? Jini yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma daga allurar maikirogiram 1,000 rabi ko fiye yana fita cikin fitsari a kwana biyu, har fitsarin yakan yi ja-ja. Abin da ya saura hanta ta taskace shi. Ciwon da ya ɗauki shekaru yana ginuwa bai damu da ratar awa ɗaya ko biyu ba. Shi ya sa a Amurka takardar da ke rakiyar nau'in sayanokobalamin ta yarda da hanyoyin biyu, tsoka ko can ƙarƙashin fata. A Ingila kuma an fi amfani da nau'in haidiroksokobalamin, wanda ya fi daɗewa a jiki, kuma a tsoka ake yin sa: miligiram 1 sau uku a mako har mako biyu, daga nan sau ɗaya duk wata 2 ko 3. Ga wanda cutar ta riga ta taɓa masa jijiya, a kan fara da allura kwana ɗaya bayan ɗaya har sai sauƙi ya daina ƙaruwa.

To, ina aka bambanta? Allurar tsoka ita ce aka fi gwadawa, a kanta aka gina yawancin jadawalin magani, kuma ita likita zai fara zaɓa ga mai tsananin ciwo. Ta ƙarƙashin fata ba ta kai ta zafi ba, ana iya koya wa majinyaci ya yi wa kansa, kuma ita ta fi dacewa da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko wanda jininsa ba ya saurin daskarewa, domin huda tsokarsa kan tara jini a ciki. Ramammen tsoho wanda tsokarsa ta zube shi ma ta fi masa sauƙi.

A ganina, a karkararmu babban abin dubawa shi ne hannun da ke riƙe da sirinjin. Cikin ɗuwawu akwai jijiyar saƙo mafi kauri a jikin mutum, wadda likitoci ke kira sayatik. Ta taso daga ƙugu ta bi bayan cinya har tafin ƙafa. Idan wanda bai ƙware ba ya soka allura a tsakiyar ɗuwawu ko ƙasansa, maimakon ɓangaren sama na waje, yana iya samunta. Sakamakon shi ne ƙafa ta saki, yaro ya riƙa jan ta, wani lokaci har ƙarshen rayuwarsa. Likitocin yara da masu gashin ƙashi a asibitocin koyarwa na Nijeriya sun sha rubutu a kan wannan rauni. Dalili ke nan da ake yi wa jarirai allura a gefen cinya. A zamanin da shan-inna ke yawo, kafin a tabbatar da kawar da nau'inta na daji daga Afirka a watan Agusta 2020, an kuma san cewa allurar tsoka ga yaron da ƙwayar ke jikinsa takan jawo shanyewar ƙafar da aka yi wa. Allurar ƙarƙashin fata ba ta kaiwa ga waccan jijiya, amma ita ma ba ta tsira daga ƙazantar allura ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2015 cewa ana yin allura kimanin biliyan 16 duk shekara, kuma a 2010 kaɗai allurai marasa tsafta sun harbi mutum har miliyan 1.7 da ciwon hanta nau'in B.

Akwai hanya ta uku da masu son allura ba su cika so a ambata ba. Ko babu ɗan rakiya, kusan kashi 1 cikin 100 na B12 da aka haɗiya yana ratsa bangon hanji da kansa. Kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwayar maikirogiram 1,000 shi ne 10, wato ya ninka buƙatar yini sau huɗu. Wani nazari na ƙungiyar Cochrane a 2018, wanda ya haɗa gwaji uku masu mutum 153, ya nuna ƙwaya mai ƙarfi tana ɗaga bitamin ɗin a jini kusan yadda allura ke yi, ko da yake masu nazarin sun ce hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Wanda matsalarsa abinci ce kawai, ƙwaya da nono sun ishe shi.

Sauran bitamin ma kowace da hanyarta. Bitamin K, mai taimakon daskarewar jini, ana yi wa jariri miligiram 1 a tsokar cinya ranar haihuwa, domin daga tsokar take ci gaba da fita har makonni, ta kare shi daga zubar jini ta cibiya ko cikin ƙwaƙwalwa. Bitamin A kuwa, wadda ma'aikatan lafiya ke rabawa yara 'yan wata 6 zuwa 59, a baki ake ɗiga ta daga 'yar kwanso shuɗiya ko ja.

Abu na ƙarshe ya shafi sunan nan na "ƙarin jini". Mafi yawan ƙarancin jini a ƙasar Hausa daga rashin sinadarin ƙarfe yake, da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da sikila, da yawan haihuwa kusa da kusa. Jar allura ba ta warkar da ko ɗaya daga cikinsu. A ɗaya gefen kuma, wanda B12 ce ta yi masa ƙaranci, idan aka ba shi ƙwayar folik asid ita kaɗai, jininsa zai gyaru a ga kamar ya warke, alhali jijiyoyinsa na ci gaba da lalacewa a ɓoye. Ɗigon jini a kan gilashi, a ƙarƙashin madubin likita, yana nuna ko ƙwayoyin ƙanana ne masu kodaɗɗen launi, alamar rashin ƙarfe, ko manya ne, alamar rashin B12 ko folik asid. Daga nan likita zai iya tura mutum manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a auna bitamin ɗin kanta. Kuma ana so a ɗebi jinin gwaji kafin allurar farko, domin bayan an yi ta awon zai nuna bitamin ta cika, ko da kuwa tumbin bai taɓa tsotsar ko ɗigo ba.