Sakin Tunani Kafin Tacewa: Matakin Farko na Neman Dabara a Tarukan Ƙauyukan Dakoro

1. Gabatarwa

Wannan takarda ta shafi mataki guda daga cikin matakan ƙirƙirar dabara, wato lokacin da ake barin tunani ya yi yawo ba tare da an yanke masa hukunci ba. A nan za mu kira shi "sakin tunani". Da Faransanci ana ce wa tsarinsa na taro remue-méninges. Manufarmu ita ce mu nuna cewa a ƙauyukan gundumar Dakoro nasarar wannan mataki ta rataya ne a kan abu biyu: wanda ya fara magana, da lokacin da aka fara suka.

2. Asalin ra'ayin

A shekarar 1950 masanin halayyar ɗan Adam J. P. Guilford ya jawo hankalin masana na Amurka ga nazarin ƙirƙira. Daga baya ya rarrabe tunani mai bazuwa, wanda ke haifar da amsoshi da yawa, da tunani mai tattarawa, wanda ke zaɓen amsa ɗaya. A 1953 Alex Osborn, ma'aikacin talla, ya shimfiɗa ƙa'idoji huɗu: a jinkirta suka, a nemi yawa, a karɓi ra'ayi ko da ya yi kama da wauta, a yi gini a kan na wani. A 1994 Robert Dilts ya shigar da wannan cikin aikin horarwa, inda ya kasa shi matsayi uku: mai mafarki, mai aiwatarwa, mai suka. Sharaɗinsa shi ne kada ukun su yi magana lokaci ɗaya.

Amma bincike ya nuna rauninsa. A jami'ar Yale, a 1958, Taylor da abokan aikinsa sun gano cewa mutum huɗu da suka yi tunani kowa shi kaɗai sun fi mutum huɗu da suka zauna tare kawo ra'ayoyi. A 1987 Diehl da Stroebe, a Jamus, sun nuna cewa babban dalili shi ne jiran layi: kafin magana ta zo kan mutum, ya manta ra'ayinsa ko ya raina shi.

3. Halin Dakoro

Dakoro tana arewacin jihar Maraɗi, inda noma da kiwo suke haɗuwa. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma kwarin Tarka yana kan wannan gaɓa. Bayan farin 1984 da ƙarancin abinci na 2005 da 2010, tambayoyin da ake kawowa taro masu nauyi ne: wane iri za a shuka, ina burtali zai bi, wa zai riƙe rumbun tsimi. Daga 2010 ƙungiyar CARE ta gudanar da shirin koyon jure canjin yanayi a wasu ƙauyukan gundumar, inda jama'a suka tsara matakansu da kansu. Irin wannan aiki yana buƙatar a fara jera dabaru kafin a zaɓa.

A nan ne jiran layi yake ƙara tsanani, domin layin na girma ne. A ƙofar mai gari dattijo ke fara magana, kuma abin da babba ya faɗa yaro ba ya warware shi a bainar jama'a. Matar da surukinta ke zaune kunya za ta rufe mata baki. Bafulatani ko Buzu da ya zo taro cikin Hausa, a garin manoma, yakan auna kowace kalma. Sakamakon haka, suka tana aukuwa tun a zuci, kafin ra'ayi ya fito.

4. Abin da ya rataya a kan jagoran taro

Na farko, a raba zama: mata daban, samari daban, makiyaya daban. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 bisa tsarin adashi, sun riga sun samar da wurin da mata ke magana tsakanin tsararsu.

Na biyu, a kai tambaya kwana ɗaya ko biyu kafin taro, domin kowa ya kwana da ita.

Na uku, jagora ya mayar da ra'ayoyin gaban babban taro ba tare da sunan mai su ba, ta yadda za a auna magana, a bar mai magana.

Na huɗu, a ware wa tacewa rana tata, kuma a ba dattawa jagorancinta. Su ne suka ga fari fiye da ɗaya, suka san dabarar da aka taɓa gwadawa ta faɗi.

5. Kammalawa

Sakin tunani ba ya nufin a ture girma da kunya. Yana nufin a canza musu lokaci. Al'adar Hausa ta san fagen da ake yarda da abin da hankali bai ɗauka ba, wato tatsuniya, wadda take da lokacinta da kalmomin buɗewa da rufewa. Ya kamata ɗalibanmu masu binciken fili su gwada ko irin wannan iyaka bayyananniya za ta ƙara yawan ra'ayoyin da mata da samari ke kawowa.