John Nordstrom, Ɗan Maƙerin Suwidin da Ya Bar wa 'Ya'yansa Shagon Takalma

Shirinmu na yau zai tuna da wani dattijo da ya rasu a birnin Seattle na Amurka ranar 11 ga Oktoba, 1963, yana da shekara 92. Sunansa John W. Nordstrom, sunan da har gobe ke manne a ƙofar manyan kantunan tufafi da takalma a faɗin Amurka.

An haife shi a 1871 a ƙauyen Alvik, kusa da garin Lulea, can arewacin Suwidin inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Sunan yankansa Johan Wilhelm. Mahaifinsa maƙeri ne, kuma ya rasu yaron na da shekara 8. Da ya kai 11 sai mahaifiyarsa ta cire shi daga makaranta, don gona na neman hannu.

A 1887, yana ɗan shekara 16, ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka. Dala 5 ce a aljihunsa lokacin da ya sauka, ga shi ko gaisuwa bai iya da Turanci ba. Ba shi kaɗai ba ne a wannan tafiya, domin daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajen 1930 mutanen Suwidin fiye da miliyan ɗaya ne suka tsallaka teku, talauci da ƙarancin gonaki na korarsu. Johan, wanda ya koma John, ya shafe kusan shekara goma yana aikin ƙarfi: yau ramin haƙar ma'adinai, gobe dajin yankan katako, yana matsawa yamma har ya yada zango a jihar Washington.

A 1897 labarin zinariyar Klondike ya karaɗe gari, ya tattara ya nufi arewacin Kanada. Ya sha wuya shekara biyu kafin ya dace da rami mai albarka, sai kuma rigima ta taso kan mallakarsa. Maimakon ya ƙare a zaman shari'a, sai ya sayar, ya dawo Seattle da dala 13,000. Wannan shawara ta nuna halin mutumin sosai: ba mai taurin kai ba ne a kan dukiya.

Daga nan rayuwa ta zauna. A 1900 ya auri Hilda Carlson, ita ma 'yar Suwidin, Allah ya ba su 'ya'ya biyar: Everett, Elmer, Lloyd, Mabel da Esther. A 1901 ya haɗa jari da abokinsa Carl Wallin, mai gyaran takalma, suka buɗe ɗan shago mai suna Wallin & Nordstrom. Cinikin ranar farko dala 12 da santi 50 ne kacal. Kasuwa ta buɗe sannu a hankali, har suka ƙara shago na biyu a 1923 kusa da jami'ar birnin.

Abin da ya fi jan hankali, masu sauraro, shi ne lokacin da ya zaɓi ya saki ragama. A 1928, yana da shekara 57 kuma da sauran ƙarfinsa, ya sayar da kasonsa ga Everett da Elmer, samari da ba su kai talatin ba. Ku lura, sayarwa ya yi, ba kyauta ba. Wallin ma ya bi sahu a 1929, sannan Lloyd ya shigo cikin 'yan uwansa a 1933, daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Duk wanda ya ga yadda rabon gado ke wargaza kasuwancin gida zai gane girman wannan mataki. Uban bai jira mutuwa ta raba musu ba. Ya miƙa, ya koma gefe, ya yi shekara 35 yana kallon yadda suke tafiyar da abin.

Gefen ma ba nisa. Har ya haura tamanin yana leƙa shagon kusan kullum, ba don ya duba littafin ciniki ba, sai don ya yi hira da masu saye. A 1950 ya fitar da tarihin rayuwarsa a wani ɗan littafi mai suna The Immigrant in 1887. Ya ga jikokinsa, irin su Bruce ɗan Everett, sun fara daga ɗakin ajiya da gwada wa mutane takalma, kamar yadda iyayensu suka fara.

A shekarar da ya rasu ne 'ya'yansa suka sayi kantin tufafin mata na Best Apparel, kasuwancin ya wuce takalma kaɗai. Daga baya jikoki suka shiga gaba, a 1971 kuma aka fara sayar da hannun jarin kamfanin ga jama'a. Yau tattaɓa-kunnensa, Erik da Pete Nordstrom, su ne ke jan ragamarsa daga Seattle.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.